ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Sanin kowa ne cewa a wannan zamani manyan kamfanoni sukan tara jama'a a intanet, su ba su wuri da kuɗi da kayan aiki, su ce a haɗa kai a gina manhaja don amfanin kowa. Wannan abin yabo ne. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce, ran da aka sami saɓani, maganar wa za a bi?

Labarin OpenOffice ya ishe mu misali. Manhaja ce ta rubuta wasiƙu da tsara lissafi, irin aikin da ma'aikata da ɗalibai ke yi kullum. A shekarar 2000 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya buɗe ta ga kowa. Masu sa kai daga ƙasashe da yawa suka yi shekara goma suna gyara da fassara ba tare da albashi ba. Amma duk da haka sunan manhajar yana hannun kamfanin.

A watan Janairu na 2010 kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun, ya gaje sunan da duk abin da ke ƙarƙashinsa. A ranar 28 ga Satumba na wannan shekara wasu daga cikin masu aikin suka ɓalle, suka kafa The Document Foundation, suka raɗa wa tasu manhajar suna LibreOffice. Sun nemi Oracle ya shigo, ya kuma ba da sunan, amma ya ƙi. A 2011 ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache, alhali yawancin masu aikin sun riga sun ƙaura.

Wani zai ce kamfanin da ya zuba dukiyarsa ai yana da haƙƙi. Gaskiya ne, kuma ya cancanci kujera a majalisa. Amma gumin masu sa kai shi ma jari ne, bai kuwa kamata a sayar da shi a bayan idonsu ba.

Saboda haka a ganinmu abu uku wajibi ne tun ranar farko. Na ɗaya, a rubuta tsarin mulki wanda kowa zai iya karantawa. Na biyu, a zaɓi shugabanni da ƙuri'a, a kuma ƙayyade kujerun kowane kamfani. Gidauniyar LibreOffice, wadda aka yi wa rajista a Berlin a 2012, ba ta yarda ma'aikatan kamfani guda su wuce kashi ɗaya bisa uku na majalisarta ba. Na uku, a ajiye suna da baitulmali a hannun ƙungiya mai zaman kanta.

Muna kira ga ɗalibanmu masu fassara manhajoji zuwa Hausa, da ma'aikatan da ke zaɓar wa ofisoshin gwamnati kayan aiki, da su riƙa tambaya tun kafin su sa hannu: wa ke da wurin nan, kuma wa zai iya korar wa? Wanda ya yi gini a filin aro, kada ya yi mamaki ran da mai fili ya zo.