Ranar Da Inna Ta Ƙi Kuɗin Tumatir

Wata ƙanwarmu 'yar aji shida ta rubuto daga Kudan, ta ce jarrabawa ta matso, ga wanke-wanke ga reno, littafi kuwa sai dare ya raba take buɗe shi tana gyangyaɗi. "Anti, ba ni da lokaci," in ji ta. To ƙanwata, gyara zama ki sha labari.

Ina da ƙawa tun muna makarantar kwana, Bahaushiya ce Kirista daga wani ƙauye a ƙasar Ikara. Kada ku yi mamaki, akwai su daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan, da yawansu asalinsu Maguzawa ne, kuma da Hausa suke ibadarsu, domin tun 1932 aka buga musu Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Wusasa ya sha wahalarsa.

Da rani na kai mata ziyara, lokacin ɗiban tumatir. Ranar Asabar wallahi har tausayin kaina na ji. Tun asuba ake surfe, a kai niƙa, a cika randuna, a yi wanki da guga, a faskara itace, kitso ma da fitila aka ƙarasa shi. Na ce wai biki za a yi ne? Ƙawata ta yi dariya ta ce gobe Lahadi.

Washegari sun dawo daga sujada ke nan sai ga dillali da mota, yana son kwandon tumatir, kuɗi a hannu. Inna ko motsawa ba ta yi daga tabarma ba, ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ka dawo gobe da sassafe." Bai dawo ba. Wanda ya zo Litinin ya rage kuɗi, wani tumatirin kuma ya yi laushi, sai yanka shi muka yi aka shanya kauɗa. Asara dai an yi ta, ba zan ɓoye muku ba.

Da dare na ce, "Inna, ba ki ji ciwo ba?" Ta ce ta ji mana. Sannan ta yi mini bayani cewa a cikin Dokoki Goma da ke littafin Fitowa sura ta 20 an ba mutum kwana shida na aiki, na bakwai na Ubangiji ne, kuma hutun ya haɗa da ɗa da bawa da baƙo, har dabbar gida. Ta ba ni labarin manna a jeji, yadda Bani Isra'ila ke tara ninki biyu a rana ta shida don kada su fita nema a ta bakwai. Asali Asabar ce, Yahudawa da Kiristoci 'yan Adbentis har yau ita suke riƙe da ita, amma yawancin Kirista sun koma Lahadi saboda imaninsu cewa ranar ce Yesu ya tashi. A shekara ta 321 ma Sarkin Rum Kwanstantin ya mai da ita ranar hutu a daularsa.

Kuma ba kwanciya take yi ba. Ta ba awaki dusa, ta je dubiya, ta halarci zumuntar mata. Ta ce a Linjila an koyar cewa don mutum aka yi ranar, saboda haka taimakon mara lafiya bai karya ta ba. Ba duka ke tsanantawa kamar ta ba, maƙwabcinsu ma ya sayar da nasa.

Ni kam, gaskiya da gonata ce da na karɓi kuɗina, mu ai lokacin sallar Juma'a ne kawai aka ce a bar ciniki. Abin da ya tsaya mini a rai Asabar ɗin nan ce. Saboda akwai ranar da ba a taɓawa, kowane aiki a gidan ya san ranarsa, babu "sai anjima". Ni kuwa da kullum nake cikin aiki, wata takwas ina jan littafina ban kai babi na biyar ba.

Don haka ƙanwata ta Kudan, ki roƙi Mama ta bar miki awa biyu bayan la'asar, ke kuma ki gama wanke-wanke da ɗebo ruwa kafin azahar, kada ki ba ta abin magana. Waya a ƙarƙashin filo, littafin soyayya ma, har nawa. Ki ware yini guda a sati da ba za ki taɓa biro ba, ki je gidan Gwaggo ki yi hira. Bayan sati huɗu ina jiran wasiƙarki.