Ra'ayinmu: A Bar Yara Su Ga Kalankuwa

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu. Iyaye a Maruta da sauran ƙasar Gwaram da Birnin Kudu sun soma tambayar da suka saba: a bar yara su je kallon wasa? Mu dai mun ce a bar su.

Hawan Sallar Kano, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2024, ya cancanci kuɗin mota, in rikicin sarauta ya bari an yi shi. Amma kalankuwa ta fi bukatar 'yan kallo. A nan samari ke naɗa sarkinsu da alƙali da dogarai, su kwaikwayi manya har manyan su yi wa kansu dariya. Ƙauyen da ya bar ta, da wuya ya sāke ɗauka.

In dare ake tsoro, dattijo ɗaya ya raka su, su dawo da wuri.