DOKA KAƊAI BA TA SAUKE FARANTIN TALLA

Duk lokacin da aka tayar da zancen ilmin 'ya'ya mata a Arewa, abin da mahukunta kan fara ambata shi ne hana talla. Sai a kafa doka, a yi shela a rediyo, a kama yara kaɗan a tasha, bayan wata biyu kuma faranti ya koma kan 'yan mata kamar ba a yi ba. Dalilin haka kuwa an daɗe da bayyana shi a rubuce, sai dai masu tsara manufa ba su cika waiwayarsa ba.

A 1976, shekarar da Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, wata masaniyar zaman jama'a daga Amurka, Enid Schildkrout, ta soma bincike a unguwannin Kano a kan aikin yara da sana'ar matan kulle. Kafin ita, Polly Hill ta Ingila ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma nuna a 1969 cewa akwai babbar kasuwa a ɓoye bayan zaure, inda mata ke cinikin hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci ba tare da sun taka waje ba.

Abin da Schildkrout ta ƙara shi ne, yaro ne ƙafar mace mai kulle. Shi ke sayo mata kayan sana'a, shi ke kai talla, shi ke karɓo bashi da kai saƙo gidajen dangi. Wadda take da yara a hannu sana'arta tana gaba. Wadda ba ta da su kuwa, sai ta ɗauki riƙo, ko ta koma ga sana'a mai ƙarancin riba irin ɗinkin hula. Ribar kuma tata ce, domin ciyarwa tana wuyan miji, kuma kaso mai yawa daga cikinta yana tafiya wajen tara wa yarinyar kayan ɗaki.

Wannan bincike ya rushe zato biyu: cewa matar kulle zaune take kawai tana jiran cefane, da cewa yaro ci kaɗai ya sani a gida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya maƙalarta ta Kano cikin littafin da ta buga a 1981 a kan aikin yara da talauci.

To, ba fa ana wanke talla ba ne. Kowa ya san irin abin da 'yan mata ke gamuwa da shi a tasha da bakin titi, ga asarar karatu wadda ba ta da diyya. Abin lura shi ne, uwar da ta hana 'yarta makaranta sau da yawa lissafi ta yi. Ranar da yarinya ta shiga aji, ranar cinikin uwa ya tsaya, alhali kuwa gorin kayan ɗaki yana jiranta ranar biki. Wanda ya hana talla bai duba wannan ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatun ilmi da na harkokin mata su haɗa kai. A sama wa iyaye mata jari da dillalai manya waɗanda za su riƙa ɗaukar kayansu. A koya musu ciniki da karɓar kuɗi ta wayar hannu, tun da yanzu tana iya yin rabin aikin ɗan aike. Tallafin kuɗi irin na shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, ya kamata ya shiga hannun uwa kai tsaye. Sarakuna da malamai su ma su tsawata a kan gasar kayan ɗaki.

Ɗaliban jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello kuwa, aiki na gabansu. Binciken nan ya kusa shekara 50, Kano kuma ta sake kama. Ya dace 'ya'yan ƙasa, musamman mata waɗanda zaure ba ya tare su, su koma cikin gidajen nan su sake tambaya. Allah ya sa masu iko su saurara.