À LA CARTE: A SAYAR MANA DA ABIN DA ZA MU CI KAWAI

Jama'a, akwai wata kalmar Faransanci da ta shafi aljihunmu fiye da yadda muke zato: à la carte. 'Yan'uwanmu na Nijar ba sai an fassara musu ba. Ma'anarta a miƙo maka takardar abinci ka zaɓi abin da kake so ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farashinsa. Kishiyarta ita ce table d'hôte, wato teburin mai masauki: kuɗi ɗaya, kuma duk abin da aka dafa shi za ka ci, ko ka so ko ka ƙi.

Da can haka masaukan Faransa suke ciyar da baƙi, kowa a teburi ɗaya, a lokaci ɗaya. Sai wajen shekarun 1760 aka fara buɗe gidajen abinci a Paris inda mutum zai zauna a teburinsa ya zaɓi abin da ransa ke so. Mu kuwa ai mai abincin bakin tasha ta daɗe a kan wannan tsari. "Hajiya, shinkafa ta ɗari biyar, wake na ɗari biyu, nama biyu, ban da salak." Ba wanda zai ce sai ka haɗa da farfesu kafin a zuba maka.

To me ya sa in aka zo kan talabijin na tauraron ɗan'adam sai a mayar da mu teburin mai masauki? Magidanci yana son ƙwallo da labarai, uwargida tana son tashar Hausa, yara suna son katun. Tashoshi biyar ko shida ke nan. Amma sai ya biya kuɗin tashoshi sama da ɗari, galibinsu bai ma san lambarsu ba. Duk lokacin da aka ƙara kuɗi sai a yi ta surutu, Majalisa ta kira kamfanoni, bayan mako biyu a yi shiru.

Kada wani ya ce ba zai yiwu ba. A Kanada, hukumar CRTC ta tilasta wa kamfanoni tun daga 2016 su samar da ƙaramin kunshi da bai wuce dalar Kanada 25 a wata ba, sannan mutum ya iya ƙara tashar da yake so ɗaya-ɗaya. A Indiya ma hukumar TRAI ta kawo irin wannan tsari a 2019, kowace tasha da farashinta a rubuce.

Sai dai fa mu faɗa wa juna gaskiya: zaɓi daban, araha daban. A gidan abinci ma, in ka tara kuɗin abinci ɗaya-ɗaya yakan fi na kunshi tsada. A Indiya mutane da yawa sun yi kukan cewa kuɗinsu ƙaruwa ya yi, har hukumar ta sake gyara dokar a 2020. Dalili a fili yake: kowa ƙwallo yake so, saboda haka in aka ware ta, ita za a lafta wa kuɗi.

Ku dubi jiragen sama. A 2008 kamfanin American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan jakar farko da fasinja zai auna, abin da a da yake cikin kuɗin tikiti. Yau a jirage da yawa kujera da kuɗinta, abinci da kuɗinsa. Sunansa zaɓi, amma an gudu ne ba a tsira ba.

Shi ya sa ni ra'ayina, in za mu nema mu nemi abin da zai amfane mu. Na ɗaya, a bar tsarin biyu a buɗe, mai son kunshi ya ɗauka, mai son ɗaya-ɗaya ya ɗauka. Na biyu, a rubuta farashin kowace tasha kowa ya gani, ba cinikin biri a sama ba. Na uku, hukuma ta ƙayyade kuɗin ƙaramin kunshi yadda Kanada ta yi. Sannan kada mu haɗa wannan da batun biyan kuɗin wata cur alhali rabin watan babu wuta. Wancan faɗa ne daban, shi ma yana nan yana jiranmu.

Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah: a cikin tashoshin da kuke biya, nawa kuka kalla a makon nan? Ku ƙirga, ku rubuto a ƙasa.