Ziyarar Maroko a Cikin Mako Guda

Duk wanda Allah ya hore wa guzurin zuwa Maroko, amma bai hore masa fiye da mako guda ba, lalle ne ya yi wa zuciyarsa linzami tun kafin ya yanki tikiti, domin kwaɗayin haɗa Kazablanka da Rabat da Fas da Marrakesh a tafiya ɗaya ba ya haifar da kome face gajiya. Tsakanin Fas da Marrakesh kaɗai sai mutum ya shafe fiye da sa'a 6 a jirgin ƙasa, ga ɗaurin kaya, ga neman masauki.

A ra'ayina kwana ɗaya ya ishi Kazablanka, a ga Masallacin Hassan na Biyu a bakin teku, a wuce. Fas ce ta cancanci ragowar kwanakin, saboda tsohon birninta, wanda mota ba ta shiga lungunansa sai alfadarai ɗauke da fatu da tulunan gas, ba ya fahimtuwa ga mai gaggawa. A nan ne Masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda Fatima al-Fihriyya ta assasa a shekarar 859, a nan ne kuma zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, inda maziyarta daga Kano da Kaulaha ke haɗuwa wajen wazifa. Sai dai mai niyyar sayen tsaraba ya gama tun ranar Alhamis, domin galibin 'yan kasuwar birnin rufe shagunansu suke yi ranar Juma'a.