Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ran Asabar 25 ga watan Fabrairu 2023, manoman ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi suka yi sammako zuwa rumfunan zaɓe. Aka ƙirga ƙuri'u a gabansu, aka ɗauki hoton takardun sakamako da na'urar BVAS don aikawa shafin IReV. Amma a faɗin ƙasa, sakamakon 'yan majalisun tarayya ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi.

Rahoton da Hukumar Zaɓe, INEC, ta fitar a 2024 ya bayyana dalili. An saita manyan kwamfutocin da ke karɓar sakamako su ajiye kowace takarda a ƙarƙashin jihar da kujerar take. Kujerar sanata da ta wakili kowacce da jiharta. Ta shugaban ƙasa kuwa, ƙasar baki ɗaya ce mazaɓarta, saboda haka na'ura ta rasa inda za ta ajiye takardar. Sai da dare ya yi aka fara samun shigarta.

Ko shakka babu, irin wannan kuskure gwaji ne maganinsa. Tsarin da ke gudana a kan kwamfutoci da yawa yana da saiti barkatai, kuma ba ma'aikacin da zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa masana ke rubuta wata manhaja wadda aikinta kawai gwaji: ta aika sakamakon wasa na kowane irin zaɓe, ta jarraba kowane saiti, ta kuma maimaita duk lokacin da aka taɓa wani abu. Gwajin da ya haɗa da takardar shugaban ƙasa, a kan saitin ranar zaɓe, shi ne zai tona irin wannan aibi.

Wasu za su ce gwaji na cin kuɗi da lokaci. To, amma manomin da ya yini a layi, daga baya ya ji ana gardamar sakamako, nawa za a kashe kafin ya sake amincewa?

Bisa ga haka, wajibi ne ma'aikatan gwamnati su daina karɓar aikin kwamfuta daga hannun ɗan kwangila sai ya nuna shaidar irin wannan gwaji. Ɗalibai masu koyon fannin kuwa, su riƙe shi tun suna makaranta, domin su za su gaji aikin.