Raƙumin Shaddad da Bakin Hausawan Jazira

A shekarar 1964 wani ɗalibi ɗan Sudan mai suna Ibrahim Shaddad ya kammala karatun fim a Babelsberg ta Jamus ta Gabas da fim ɗinsa Jagdpartie, wanda ya ɗauka a dajin Brandenburg, inda ake farautar baƙar fata kamar naman daji. Bayan ya koma gida ya yi Jamal a 1981, gajeren fim a kan wani raƙumi da ke juya injin matsar man riɗi a cikin ɗaki mai duhu. Ba a gina shi kan zance ba. Kukan itace da gurnanin raƙumi da zagayen da ba ya ƙarewa su ne labarin, mai kallo kuwa ba ya bukatar a gaya masa cewa ba raƙumi kaɗai ake nufi ba.

Shaddad da abokansa, irin su Eltayeb Mahdi da Suleiman Elnour, su suka kafa ƙungiyar masu fim ta Sudan a 1989, watanni kaɗan kafin juyin mulkin Umar al-Bashir ya tsayar da aikinsu. Sai a 2019, ta fim ɗin Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, duniya ta sake waiwayarsu.

Ɗalibin Bahaushe da ya tashi a ƙauyukan Jazira ko a gaɓar Shuɗin Nilu, ya kuma riƙi kyamara ko wayar hannu, yana da darasi babba a wurin Shaddad. Fim ɗin gwaji ba ya neman taurari ko kuɗi masu yawa. Yana neman ido mai haƙuri da zai tsaya kan abu ɗaya har abin ya faɗi sirrinsa: hannun mai tsinkar auduga, ruwan da ke bin magudanar da ta taso daga madatsar Sinnar tun 1925, tsohuwa tana dakan dawa. Idon da ya saba da finafinan Kano, inda kowane motsi yake da bayani da waƙa, zai sha wahala kafin ya koyi wannan tsayuwa, amma ta cancanci wahalar.

Sai dai akwai abin da bai kamata ɗalibin ya ara daga Shaddad ba, wato shirunsa. Shaddad yana iya rufe bakin fim ɗinsa domin Larabcin Sudan ba ya cikin haɗari. Yana rediyo, yana makaranta, yana kasuwa. Hausar waɗannan ƙauyuka ba haka take ba. Masu ita jikokin mahajjata ne da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Fiye da shekara ɗari ke nan bakinsu yana cuɗanya da Larabci, a wasu wurare da Fulatanci ma. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya bi diddigin wannan cuɗanya a littafinsa na 1999, amma takarda ba ta riƙe karin harshe, ba ta riƙe daidai gaɓar da tsoho yake tsallakawa daga Hausa zuwa Larabci a tsakiyar jimla, ya dawo ba tare da ya lura ba. Na'urar ɗaukar murya tana riƙewa.

Wani zai ce wannan aikin masanin harshe ne, mai fim kuwa fasaha yake yi, ba ajiya ba. Ƙorafin yana da ƙarfi, domin fim ɗin da ya koma jerin hirarraki ya bar sunansa. Amma murya ma kayan gwaji ce kamar haske. Ana iya ɗora hirar wasu mata biyu a kan hoton gonar da babu kowa cikinta, ko a bar tatsuniya tana gudana alhali kyamara tana kallon jikokin da ke amsa wa kakarsu da Larabci.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya watsa mutanen ƙauyuka da dama. Tsofaffin da muryarsu ta fi cancantar ɗauka suna cikin waɗanda gudun hijira ya fi jigatawa.